Rigar Shuni 'Yar Damina Ce

Ya ku malamai da fatake, ku dubi hikimar Ubangiji a cikin rigar da kuke yafawa. Da damina ake shuka auduga da baba, da kaka a tsince, a yanke, a shanya. Da rani masaƙa su saƙa fari, masu rini su tsoma shi cikin baba da toka, kamar yadda ake yi a Ƙofar Mata. Mabuga su buga, turkudin Kura ya fito baƙi wuluk kamar hadarin marka, Buzaye su saya.

Tun da Jamusawa suka fito da shunin masana'anta a 1897, noman baba ya yi ta raguwa, karofi da yawa suka zama kufai. Wanda ya sayi rinin gida ya raya manomi da marini. Allah ya sa mu gane, amin.