Hana shiga filin ƙwallo da kwamfuta

Hana shiga filin ƙwallo da kwamfuta wata ƙa'ida ce ta tsaro da wasu ƙungiyoyin wasa da masu kula da filaye suke kafawa, inda ake tsayar da ɗan kallo a ƙofa idan yana ɗauke da kwamfutar tafi-da-gidanka ko kwamfutar hannu mai faɗin allo irin su iPad. Wayar salula ba ta cikin haramcin muddin ba ta wuce girman da aka ƙayyade ba. Ƙa'idar ta yi suna ne a watan Agustan 2014, lokacin da ƙungiyar Manchester United ta Ingila ta kafa ta a filinta na Old Trafford. A wannan daminar ce kuma fargabar bam ta shafi kallon ƙwallo a arewacin Najeriya, inda wasu jihohi suka rufe gidajen kallo baki ɗaya.

Asali

Manchester United ta sanar da masu riƙe da tikitinta wannan mataki gab da wasan sada zumunta da ta buga da Valencia ta Sifaniya a ranar 12 ga Agusta, 2014, wanda shi ne wasan farko da koci Louis van Gaal ya jagoranci ƙungiyar a gida. Sanarwar ta ce duk na'urar lantarki da ta wuce santimita 15 a tsawo da santimita 10 a faɗi ba za ta shiga ba. Wannan awo ya bar yawancin wayoyin zamanin, amma ya kama kowace irin iPad, har da ƙaramarta da ake kira iPad mini, wadda tsawonta ya kai santimita 20.

Ƙungiyar ta ce ta bi shawarar masana tsaro ne, kuma ta kwatanta matakin da abin da ake yi a filayen jiragen saman Birtaniya. Ba doka ce ta gasar Firimiya ba. Kowace ƙungiya ita take tsara jerin kayan da ta hana a ƙofarta.

Kafin wannan, ƙungiyar New York Yankees ta Amurka, wadda take buga wasan ƙwallon gora irin na Amurkawa, ta hana shiga filinta da iPad a 2010, shekarar da na'urar ta fito kasuwa, sannan ta janye haramcin a 2012.

Dalilin tsaro

Kwamfutar tafi-da-gidanka tana da fili a cikinta. Gurbin batir kaɗai ya isa a cusa abin fashewa a mayar da murfi, kuma wayoyi da ƙarafan da ke ciki suna rikita hoton da na'urar bincike take nunawa. Dabarar ɓoye bam cikin kayan lantarki ta daɗe: bam ɗin da ya tarwatsa jirgin Pan Am a sararin garin Lockerbie ranar 21 ga Disamba, 1988, ya kashe mutum 270, a cikin rediyo mai kaset aka ɓoye shi.

A farkon Yulin 2014 Amurka ta ba da umarni cewa fasinjan da zai shiga jirgi zuwa ƙasarta daga wasu filayen jirage na waje dole ya kunna wayarsa ko kwamfutarsa a gaban mai bincike. Wadda ta ƙi kamawa ba za ta hau jirgi ba. Birtaniya ta bi sahu cikin 'yan kwanaki. Hikimar abin mai sauƙi ce: na'urar da aka cire wa batir aka sa wani abu a gurbinsa da wuya ta kama. An danganta matakin da rahotannin sirri kan masu haɗa bam na al-Ƙa'ida a Yaman da Siriya.

A nan ne filin ƙwallo ya bambanta da filin jirgi. Fasinjan jirgi yana zuwa sa'o'i kafin tashi, ya bi layi ɗaya, kayansa su ratsa injin bincike. Old Trafford kuwa yana ɗaukar mutum kusan 75,000, kuma da yawansu suna isowa ne cikin rabin awa na ƙarshe, ta ƙananan ƙofofi masu juyawa. Idan aka ce kowa sai ya kunna na'urarsa an gani, za a tara dubban mutane a waje cikin cunkoso, wanda shi kansa haɗari ne. Shi ya sa ƙungiyar ta ga hanawa gaba ɗaya ta fi bincike ɗaya bayan ɗaya sauƙi.

Abubuwan da suka biyo baya sun nuna fargabar tana da tushe. Ranar 2 ga Fabrairu, 2016, wani bam da aka ɓoye cikin kwamfutar tafi-da-gidanka ya huda jikin jirgin kamfanin Daallo jim kaɗan bayan tashinsa daga Mogadishu. Wanda ya ɗauko shi ne kawai ya mutu, kuma al-Shabab ta ɗauki alhaki. A Maris na 2017 Amurka ta hana fasinjoji daga filayen jirage 10 a ƙasashe 8 shiga cikin jirgi da na'urar da ta fi waya girma, ta kuma janye a Yulin shekarar.

Sai dai abin da ya taɓa filayen ƙwallon Turai kai tsaye bai zo ta kwamfuta ba. A harin Faris na 13 ga Nuwamba, 2015, lokacin da Faransa take wasa da Jamus a filin Stade de France, 'yan ƙunar baƙin wake uku ne suka zo da rigunan bam, kuma duka a wajen filin suka tayar da su. A Old Trafford ɗin kansa, ranar 15 ga Mayu, 2016, an kwashe 'yan kallo aka ɗage wasan United da Bournemouth saboda wani abu mai kama da bam da aka tsinta a banɗaki. Daga baya aka gano na bogi ne, wani kamfanin tsaro ya manta da shi bayan atisaye. Abin ban dariya, siffar wayar salula yake da ita, an ɗaure ta a jikin bututu, wato irin na'urar da dokar 2014 ta ƙyale.

Wasu dalilai da ake ambata

Magoya baya da yawa sun yi maraba da haramcin saboda wani dalili daban: mutum ya ɗaga allo mai faɗi yana ɗaukar bidiyo, ya tare wa na bayansa fili daidai lokacin da ake shirin bugun fanareti. Wasu kuma sun yi zargin cewa kuɗi ne a gindin maganar. Gasar Firimiya tana sayar wa gidajen talabijin haƙƙin nuna wasanninta da maƙudan kuɗi, kuma a cikin watan Agustan 2014 ɗin ne hukumar gasar ta gargaɗi jama'a kan yaɗa gajerun bidiyon ƙwallayen da aka ci a manhajar Vine da Twitter. Zargin bai da ƙarfi sosai, domin wayar da aka bari ta shiga ita ma tana ɗaukar bidiyo, kuma ita ta fi sauƙin turawa intanet.

Haramcin na 'yan kallo ne kawai. 'Yan jarida suna aiki da kwamfutocinsu a wurin da aka ware musu. Daga 2018 kuma hukumar IFAB mai tsara dokokin wasan ta halatta wa masu horarwa amfani da ƙananan na'urori, har da kwamfutar hannu da ta tafi-da-gidanka, a bencinsu, don dabarun wasa ko lafiyar 'yan wasa. A gasar cin kofin duniya ta Rasha a wannan shekara, FIFA da kanta ta raba wa ƙasashe kwamfutocin hannu don nazarin wasa.

A arewacin Najeriya

Wasannin da ake bugawa a Old Trafford suna da 'yan kallo a Kano fiye da yadda kowane fili zai iya ɗauka, amma a gidan kallo suke ganinsu. A ƙauyuka da garuruwan arewacin jihar, kamar yankunan Ɗambatta, Bichi, Makoɗa, Kunci, Tsanyawa, Minjibir da Dawakin Tofa, jama'a suna zaune kusa-kusa, gona na haɗe da gona, ta yadda masanin yanayin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin cunkoson ƙasar Kano tun shekarun 1960. Wannan kusanci ya sa gidan kallo ɗaya yakan tara matasa daga unguwanni da ƙauyuka da dama. Yawanci rumfa ce ta kwano ko zana, da bencina, da talabijin ɗaya ko biyu, da dish, da janareta a baya. A bakin ƙofa akwai allo da aka rubuta wasannin ranar da alli, da yaron da yake karɓar kuɗin shiga. Mai gidan ya san yawancin masu zuwa da iyayensu. Wannan sanayya ita ce babban tsaron wurin, kuma ba ta aiki a babban birni kamar yadda take yi a ƙauye.

Haɗarin irin wannan taro ya bayyana tun ranar 11 ga Yuli, 2010, da al-Shabab ta kai hari kan masu kallon wasan ƙarshe na kofin duniya a wurare biyu a Kampala ta Yuganda, mutum 74 suka mutu. A Najeriya abin ya taru ne a 2014. Ranar 24 ga Mayu, daren wasan ƙarshe na zakarun Turai tsakanin Real Madrid da Atletico Madrid, bam ya tashi a cikin wata mota kusa da gidan kallo a Jos kafin maharin ya kai ga taron. Ranar 1 ga Yuni wani ya tashi a unguwar Kabang ta Mubi cikin masu sha'awar ƙwallo. Ranar 17 ga Yuni kuma, ana kallon wasan Birazil da Meziko, aka kai hari a wani gidan kallo a Damaturu. 'Yan sanda sun ce mutum 14 suka mutu, majiyoyin asibiti suka ce 21. An ɗora alhakin waɗannan hare-hare kan Boko Haram. Jihohin Adamawa da Filato sun ba da umarnin rufe gidajen kallo a lokacin gasar.

Bambancin matakan biyu ya fito daga yadda barazanar take zuwa. A Jos cikin mota bam ya zo, a Damaturu kuma rahotanni sun ce cikin a-daidaita-sahu. Binciken jaka a ƙofa ba ya tare abin da aka ajiye a bakin titi, kuma zana ba ta kare kowa. Wanda ya ji jiki da rufewar shi ne talakan da ba shi da dish a gida, da mai gidan kallon da ya ci burin samun ciniki a watan kofin duniya.

Kano ta san irin wannan hani na abin amfanin yau da kullum. Bayan hare-haren 20 ga Janairu, 2012, shingayen bincike sun cika birnin, aka riƙa duba mutane a ƙofofin masallatai, coci-coci da makarantu. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Ado Bayero, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana sana'ar acaɓa a cikin birni, saboda maharan suna amfani da babur. Tunanin iri ɗaya ne da na Old Trafford: idan tantance na kirki da mugu zai yi wuya, a hana abin gaba ɗaya. Amma wanda aka hana shiga da iPad ya rasa jin daɗin yini ɗaya ne, ɗan acaɓa kuwa abincin iyalinsa ya rasa.

Filin Sani Abacha

Babban filin ƙwallon jihar shi ne filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, gidan Kano Pillars, ƙungiyar da aka kafa a 1990 kuma ta ci gasar Najeriya a 2008, 2012, 2013 da 2014. Filin ya karɓi wasannin kofin duniya na matasa a 1999, na kofin Afirka a 2000, da na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Yana cikin filayen da suka fi cika a gasar cikin gida, kuma motoci sukan kwaso magoya baya daga ƙananan hukumomin kewaye a ranar wasa.

Abin da yake damun masu tsaro a nan shi ne jifa da kutsawa cikin fili, don haka hankalin mai bincike yana kan dutse, kwalba, sanda da wuƙa. A Afrilun 2022 rikici ya ɓarke a wasan Pillars da Katsina United, aka farfasa motar baƙi. Hukumar gasar ta ci tarar Pillars naira miliyan 9, ta cire mata maki 3, ta mayar da wasanninta na gida Abuja. Ƙungiyar ta faɗi daga rukunin farko a ƙarshen wannan kakar. Ranar 12 ga Oktoba, 2025, bayan Shooting Stars ta Ibadan ta farke ƙwallo a mintunan ƙarshe aka tashi 1–1, wasu 'yan kallo suka faɗa fili suka far wa alƙalan wasa da 'yan wasan baƙi. Hukuncin ya haɗa da tarar naira miliyan 9.5, cire maki 3, da mayar da wasannin gida Katsina.

A wannan rikici na 2025, bidiyon da aka ɗauka da wayoyi ne ya yaɗu a Facebook da WhatsApp cikin sa'o'i, tun kafin hukumar gasar ta fitar da hukunci. A gasar da ba kowane wasa ake nunawa a talabijin ba, na'urar da ke hannun ɗan kallo takan zama shaida kan abin da ya faru da alƙalin wasa.

Filayen ƙauye kuwa, waɗanda yawancinsu filin makarantar firamare ne ko fegi a bayan gari, ba su da katanga balle ƙofar da za a tsaya a yi bincike. A gasannin da matasa suke shiryawa da kaka ko lokacin Sallah, igiya ce take raba 'yan kallo da 'yan wasa, sai 'yan sintiri da dattawan unguwa da suke tsawatarwa idan rai ya ɓaci.