Haines: Garin da Mikiya ke Kawo wa Baƙi Cikin Sanyi

Watan Nuwamba ba lokacin tafiya Alaska ba ne ga mai son jin daɗin jikinsa. Manyan jiragen ruwa masu ɗaukar 'yan yawon buɗe ido sun kwashe mutanensu tun watan Satumba, rana takan leƙo ta kusan awa takwas ta koma, dusar ƙanƙara kuma ta fara rufe hanyoyi. Amma a daidai wannan lokaci ne garin Haines, mai mutane kusan 2,000, yake share masaukansa yana jiran baƙi. Wasu su biyo jirgin fito daga Juneau, tafiyar awa huɗu da wani abu a kan ruwa, wasu su gangaro da mota ta ƙasar Kanada. Abin da ya kawo su ɗaya ne: taron mikiya mai farin kai a bakin kogin Chilkat, da bikin da garin yake shirya mata kowace shekara.

Mikiya ba ta sauka a banza, kuma ba don mutanen Haines take zuwa ba. Sirrin yana ƙarƙashin ƙasa. A inda kogin Tsirku yake zubowa cikin Chilkat akwai wani makeken fili na tsakuwa da yashi. Idan ƙanƙara ta narke da bazara, tsakuwar nan takan shanye ruwan ta riƙe. Da sanyi ya shigo, ruwan kogi ya ja baya, sai wancan ɓoyayyen ruwa ya riƙa tsattsafowa da ɗan ɗuminsa, ya hana kimanin mil biyar na kogin daskarewa. Kifin salmon nau'in chum yakan shigo wurin a makare ya zuba ƙwai, kuma a ɗabi'arsa da ya gama sai ya mutu. To, sauran koguna sun kulle, ga wannan a buɗe cike da kifi matacce da mai shirin mutuwa. A shekarar da kifi ya yi albarka, akan ƙirga mikiya fiye da 3,000 a kwarin.

Wurin kallo yana kan babbar hanyar Haines, tsakanin mil 18 da mil 24 daga gari. Nan za ka iske masu ɗaukar hoto sun jera ƙafafun kyamarorinsu tun da duhun asuba, kowa ya naɗe kamar ƙunshin goro, yatsu na ƙin motsi. Akwai ƙa'ida: ba a tsayar da mota a tsakiyar titi, ba a kuma sauka cikin filin kogin. Tsuntsun da aka firgita ya tashi ya ƙona ƙarfin da yake tattalinsa don ya kai ƙarshen hunturu.

Wanda ya zo da hoton mikiyar da ke jikin hatimin Amurka tun 1782 a ransa, zai sha mamaki. Ta fi son zama a reshe ta zuba ido har wata ta ja kifi zuwa gaɓa, sannan ta faɗo ta ƙwace. Faɗa kan mushe shi ne rabin abin kallon. Kukanta ma siriri ne, bai dace da fikafikan da suka haura mita biyu ba, shi ya sa masu shirya fim sukan ɗora mata muryar wani shaho. Masu kallon tsuntsaye na gaske kuwa, da madubin hangen nesa a wuya, sun fi damuwa da tantance shekaru: mai launin ƙasa-ƙasa da dabbare-dabbare yarinya ce, farin kai da farar wutsiya sai ta kai shekara huɗu zuwa biyar. Macen kuma ta fi namijin girma.

Da yamma akan koma gari. Cibiyar American Bald Eagle Foundation, mai gidan tarihi da wurin kula da tsuntsaye masu farauta, ita ce ta daɗe tana zama uwar bikin. Akwai laccocin masana, koyar da ɗaukar hoto, cin abinci tare. Abin da ya fi tara jama'a shi ne sakin mikiyoyin da aka yi jinyarsu bayan rauni.

A mil 22 akwai ƙauyen Klukwan na al'ummar Tlingit, waɗanda suka riga kowa zama a kwarin, kuma aka san su da saƙar bargon Chilkat na gashin akuyar dutse da ɓawon itace. Su mikiya tana cikin nasabarsu. Al'ummar ta kasu gida biyu, ɓangaren Mikiya da ɓangaren Hankaka. Ɗa yana bin ɓangaren uwarsa, kuma bisa al'ada daga ɗaya ɓangaren yake neman aure. A ganina baƙon da ya ɗauki hoto dubu ya wuce ƙauyen nan bai tsaya ba, rabin labarin kawai ya tafi da shi.

Ba kullum ake wa tsuntsun nan biki ba. Daga 1917 zuwa 1953 hukumar Alaska biyan lada take yi ga duk wanda ya harbe mikiya ya kawo ƙafafunta, da farko santi 50, daga baya har dala 2, wai tana cinye kifin masunta da 'ya'yan yanyawar da ake kiwo don fata. An kashe fiye da 100,000. A can sauran jihohin Amurka da ke kudu da Kanada kuma maganin ƙwari na DDT ne ya riƙa sa ɓawon ƙwanta fashewa, har ya rage ma'aurata 417 kacal a 1963. An hana amfani da maganin a 1972, a 2007 aka cire ta daga jerin masu fuskantar ƙarewa. Shi kansa kwarin Chilkat sai da aka kai ruwa rana tsakanin masu sarar katako da masu kare muhalli kafin a keɓe eka 48,000 a 1982, da sharaɗin mutanen wurin za su ci gaba da kamun kifi da farautarsu.

Gardamar yanzu a kan ma'adinai take. Akwai shirin haƙar tagulla da wasu ƙarafa a duwatsun da ke saman kwarin. Wasu 'yan Haines suna hangen aikin yi na shekara cur a garin da kasuwarsa ke mutuwa rabin shekara. Mutanen Klukwan da masunta da dama sun ƙi, suna tsoron gurɓataccen ruwa ya gangaro inda kifi ke zuba ƙwai. A 2023 ƙungiyar American Rivers ta sa Chilkat cikin kogunan Amurka da suka fi fuskantar haɗari, kuma har yanzu ɓangarorin biyu ba su daidaita ba.