Wasannin Sarakunan Sin: Abin Da 'Yan Kallo Ke Gardama A Kai A Sharaɗa Da Bompai

Duk wanda ya san unguwannin masana'antu na Kano, watau Bompai wadda ita ce ta fari tun zamanin Turawa, da Sharaɗa, da Challawa inda a ke jimar fatu, ya san ba yau ma'aikatansu suka fara ganin mutanen Sin ba. Tun cikin shekarun 1960 attajiransu daga Hong Kong suka soma kafa masana'antu a ƙasar nan, na kwanoni da na takalman roba. Zama ya yi zama, har a 2019 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya naɗa wani ɗan kasuwarsu, Mike Zhang, Wakilin 'Yan China. Amma sanin mutum a bakin inji daban, sanin tarihin gidansu daban. Wannan na biyu kuwa yawancin ma'aikata ba daga littafi su ke samunsa ba, sai daga wasannin kwaikwayo na sarakunan da, waɗanda a ke kallo a talabijin ko a wayar hannu bayan an tashi aiki.

A da, in an ce fim ɗin Sin a gidajen siliman Kano, abin da a ke nufi shi ne dambe da shure-shure irin na Bruce Lee, wanda bai bukatar tafinta. Daga baya al'amari ya sake. Rediyon Sin ya buɗe sashen Hausa tun 1963. Kamfanin StarTimes ya shigo Nijeriya a 2010 da haɗin gwiwar NTA, a 2013 kuma aka nuna wani wasan soyayya na matasan Beijing wanda aka juya da Hausa. Yanzu ga masu tura finafinai a waya ko'ina a bakin titi. Wasannin fada kuwa ba na dambe ba ne, na magana ne, saboda haka gardama ta tashi tsakanin 'yan kallo a kan abu uku: iyawar 'yan wasa, da ƙullin labari, da fassarar da a ke rubutawa a ƙasan hoto.

IYAWAR 'YAN WASA

Masu suka na cewa fuskokin 'yan wasan kamar an daskarar da su, a gaya wa mutum an kashe ɗan'uwansa, ko gira ba zai ɗaga ba. Masu yabo kuwa su ce ai nan gwanintar ta ke. Mu muna bayan na biyu, gama wanda ya taɓa zama a fada ya san bafade ba ya nuna fushi gaban Sarki. Kawaici shi ne adonsa, abin da ke cikinsa sai dai a karanta a idonsa ko a yadda ya riƙe hannun riga. Wanda ya dubi yadda Sun Li ta fito a wasan Zhen Huan na 2011, daga yarinya mai murmushi har ta zama uwar Sarki wadda kowa ke shakka, zai yarda an yi aiki.

Sai dai akwai abin da 'yan kallo da yawa ba su sani ba. A irin waɗannan wasanni sau da yawa muryar da a ke ji ba ta ɗan wasan ba ce, wani gwani ne a ke ɗauka ya ɗora tasa daga baya. Muryar Zhen Huan ɗin nan ma ta wata ce mai suna Ji Guanlin. To, in a ƙasarsu a kan ba ɗan wasa aron murya, ba abin kunya ba ne mu mu ba shi aron ta Hausa.

Akwai kuma sukan da mu ke ganin yana da hujja. Wasu sababbin wasanni, sai ka ga barde ya dawo daga yaƙin wata uku fuskarsa fes kamar ango, ba ƙura ba tabo. Wanda ya wuni a ɗakin jima ba za a ruɗe shi da wannan ba. Har wa yau wasu kan ƙyamaci irin gaisuwar da a ke wa Sarki, ta durƙuso uku da kai goshi ƙasa sau tara. Gaskiya ne haka a ke yi a fadar daular Qing. Mu ma nan an yi zamanin afi, sa'ad da talaka ke zuba ƙasa a ka gaban Sarki, har Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa shi cikin miyagun al'adun sarakunan Haɓe. Kallon abu don a san an yi shi ba koyi da shi ba ne.

ƘULLIN LABARI

Ƙara ta biyu tsawo ne. Wasan Zhen Huan kashi 76 ne, na Fadar Yanxi na 2018 kashi 70, na Masarautu Uku na 1994 kashi 84, wanda aka sake a 2010 kuwa kashi 95. Mai aikin kwana ina ya ga lokacin wannan? Amma da aka taƙaita na Zhen Huan ya koma kashi 6 don Amurkawa a 2015, masu kallo da yawa suka ce an zubar da romon an bar ƙashi. Makirci ba ya nuna sai an bar shi ya daɗe a wuta.

Abin da ya fi damun malaman makaranta shi ne irin darasin da ke ciki: kishi, da guba, da ƙazafi, da hawa kan gawar wani a sami girma. Masu iya magana sun ce kishi kumallon mata, amma a nan kumallon ya zama sana'a. Ba mu kaɗai muka damu ba. A Janairun 2019 wata jaridar hukuma a Beijing ta soki wasannin fada a kan ɓata tarbiyya da koya almubazzaranci, a 2020 kuma aka janye wasan Fadar Yanxi daga wurin da a ke nuna shi a intanet a can.

Lalle kuma malami ya tuna wa ɗalibansa cewa wasa ba tarihi ba ne. Sarki Qianlong gaskiya ne, ya hau gado a 1735 ya sauka a 1796, matar da aka gina wasan Yanxi a kanta ita ce ta haifi magajinsa. Amma yawancin abin da aka sa a bakinta ƙagen marubuci ne. Zamanin Masarautu Uku ya faɗo tsakanin shekara ta 220 da ta 280, littafin da a ke kwaikwayo kuwa sai a ƙarni na 14 aka rubuta shi, har wani masaninsu na ƙarni na 18, Zhang Xuecheng, ya kimanta cewa kashi bakwai cikin goma ne gaskiya, uku ƙari ne.

INDA GIZO KE SAƘAR

Da muka auna waɗannan ƙorafe-ƙorafe, sai muka ga yawancinsu daga rijiya guda su ke ɓuɓɓugowa, watau fassara. Rubutun ƙasan hoto layi biyu ne, ya ɗan tsaya ya wuce, galibi da Turanci, wani lokaci ma na'ura ce ta juya shi ba mutum ba. Ma'aikacin da ya iya ajami da bokon Hausa amma Turancinsa bai yi ƙwari ba, kafin ya haɗa baƙi an sake magana. Wanda ya iya Turancin kuma idonsa na kan rubutu, yaya zai ga girar da ya ce ba a ɗaga ba?

Sa'an nan Turanci kansa gajere ne a wannan fage. Matan Sarkin Qing daraja takwas gare su, kowace da irin gaisuwarta da yawan bayinta, rigimar wasan duka a kan hawa da sauka a wannan tsani ne. Turanci ya kan tattara su cikin kalma biyu ko uku, sai mai kallo ya rasa dalilin da ya sa wannan ta durƙusa wa waccan. Haka sunaye. Mutum guda a kira shi Zhuge Liang, can a kira shi Kongming, mai kallo ya zaci mutum biyu ne. Ba wanda ya isa ya ambaci sunan Sarki, shi kuma Sarki yana da kalmar da ya ke kiran kansa da ita wadda ba wanda ya isa ya ara.

To, jama'a, wane Bahaushe ne wannan zai zame wa baƙo? Mu da mu ke da sunan yanka da laƙabi da alkunya, mu da mace ba ta faɗin sunan mijinta, mu da Sarki ke cewa "mun ji, mun gode"? Tarihin Kano ya nuna Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya soma kulle, shi ya soma ba babanni sarauta. A gidan da ya gina an san Mai Babban Ɗaki da Uwar Soro, da sadaku da kuyangi da jakadiya, da Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama. Gaisuwar da su ke wa Sarkinsu ta fatan shekara dubu goma, ai ita ce "ran Sarki ya daɗe". Kalmomin da Turanci ya rasa suna nan jibge a rumbunmu. Kai maganar fadar Beijing Ingila kafin a kawo ta Kano, zagaye ne da ba riba.

Mun san masu ɗora muryar Hausa a finafinan waje sun yawaita a Kano, sun kuma sami kasuwa, musamman a finafinan Indiya. Wasunsu gwanaye ne. Amma wasu, in ba su gane abin da aka faɗa ba, sai su cike gurbin da barkwanci, Waziri na ba Sarki shawarar yaƙi, a sa masa zancen 'yan tasha a baki. Dariya a yi ta, amma an cuci mai kallo.

Nan ne mu ke kira ga malaman makaranta da akawuna, magadan ma'aikatan En'e na da waɗanda suka riƙe alƙalamin Hausa da mutunci. Alhaji Abubakar Imam ya ɗebo labarun ƙasashe nesa ya saka musu riga da rawani a Magana Jari Ce, har yaro ya karanta bai ji warin baƙunta ba. Jami'ar Bayero tana da cibiyar nazarin harsuna da fassara. Ba abin da zai hana a haɗa masu jin Sinanci da masu sanin Hausar fada su tsara jerin sarautu da gaisuwa wanda kowane mai fassara zai bi, a kuma riƙa gabatar da kowane wasa da ɗan bayanin abin da ke tarihi da abin da ke ƙage. Ma'aikacin Sharaɗa kuɗin guminsa ya ke biya. Ya cancanci a gaya masa abin da aka faɗa, da harshensa, ba ragi ba ƙari. Allah ya sa masu abin su ji, amin.