In Inji Ya Cinye Hannu, Wa Zai Ci Da Gida?

Da kakar bara, cikin ƙauyukan da muke zagawa, mutum biyu suka rasa hannu a bakin inji. Na fari ma'aikaci ne a wani wurin casar shinkafa. Bel ya kama hannun rigarsa, ya ja shi. Na biyu manomi ne mai ɗan injin niƙa na kansa a ƙofar gida. Dukansu magidanta ne, dukansu kuwa hannun dama ne ya tafi. Da muka je gaishe su, tambaya ɗaya suka yi mana: "Malam, ina ake zuwa a karɓi kuɗin nakasassu na gwamnati?"

Rauninsu ɗaya ne, amma hanyarsu ba ɗaya ba ce. Mun ga ya kamata mu bayyana wannan, gama mutanenmu da yawa suna ƙare kuɗin mota wajen ƙwanƙwasa ƙofar da ba tasu ba.

Abin da doka ta ba nakasasshe

Mu fara da gaskiya, ko da ba ta da daɗi. Gwamnatin Tarayya ba ta da albashin wata-wata da take ba kowane nakasasshe a Nijeriya. Jiha takan yi nata tsari. Jigawa ta fara biyan waɗansu nakasassu naira 7,000 a wata a shekarar 2007. Saboda haka sai kowa ya tambayi ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukumarsa abin da jiharsu take yi.

Akwai dai dokar hana nuna wa nakasassu bambanci ta 2018, wadda aka sa wa hannu a watan Janairu na 2019. A 2020 aka kafa Hukumar Nakasassu ta Ƙasa. Dokar ta ce nakasasshe yana da ikon yin karatu kyauta har sakandare. Ta ce ma'aikatun gwamnati su yi ƙoƙari kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu su zama nakasassu. Mutumin da ya nuna wa nakasasshe bambanci ana iya cinsa tarar naira 100,000, ko ɗaurin wata 6, ko duka biyu. Ta kuma tanadi takardar shaidar nakasa. Akwai ta dindindin, akwai ta wucin gadi wadda ba ta wuce kwana 180. Wannan takarda ba kuɗi ba ce, amma da ita mutum zai tsaya a kan hakkinsa.

Hanyar ma'aikaci

Mutuminmu na fari yana da wata ƙofa, domin a bakin aikin wani ya ji rauni. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta sa kowane mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya cikin asusun da hukumar NSITF take riƙewa. Inshora ke nan. Mai aikin ne yake biya, ba a cire ko kwabo daga albashin ma'aikaci.

Kada wani ya ce, "Ai ni lebura ne, ba ni da takardar ɗauka." Dokar ta haɗa da wanda aka ɗauka da baki kawai, da ɗan aikin wucin gadi, da mai koyon sana'a. Ta haɗa da haɗarin da ya sami mutum a hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki. In nakasar ta hana mutum aiki ɗungum har abada, diyyarsa kashi 90 cikin 100 ce na albashinsa kowane wata. In kuwa zai iya wani aiki, sai a auna abin da ya rasa. Hukumar tana iya biyan kuɗin magani da na hannu ko ƙafar roba.

Amma fa akwai wa'adi, a nan ne mutane suke faɗuwa. Ma'aikaci ko iyalinsa su sanar da mai aikin cikin kwana 14. Mai aikin ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7. Takardar neman diyya kuwa ta shiga kafin shekara 1 ta cika. Sai da dalili mai ƙarfi ake karɓa bayan haka, shi ma ba ya wuce shekara 3.

Ga abin da ya sami mutuminmu. Mai wurin ya biya kuɗin asibiti, ya aiko da buhun shinkafa, aka yi ta godiya. Ba wanda ya rubuta kome. Sai a wata na tara muka zauna da ƙanensa, muka tattara katin asibiti da sunayen waɗanda suka ga haɗarin, aka kai. A nan ya fito fili mai wurin bai taɓa yin rajistar ma'aikatansa ba. Har yau ana kai da kawowa. Da mun ƙara jinkirin wata uku, da wa'adin shekarar ya wuce.

Hanyar manomi

Mutuminmu na biyu ba shi da maigidan da ya zuba masa kome. Yawancin masu karanta wannan takarda haka muke. Inshorar amfanin gona tana biyan asarar hatsi ko ta shanu, ba ta biyan hannun manomi. Inshorar lafiya tana biyan magani, ba ta cika rumbu a shekarar da mutum bai yi noma ba. Shi kam sai da ya sayar da bijimin huɗarsa guda, ɗansa babba kuma ya bar makaranta zango biyu.

Abin da zai taimaki irinsa shi ne inshorar haɗari. Mutum yana biyan kuɗi kaɗan a shekara, in ya rasa hannu ko ƙafa ko ido sai a ba shi kuɗi a dunƙule. Ƙungiyar manoma tana iya saya wa membobinta gaba ɗaya. Kafin ku sa hannu, ku tabbata kamfanin yana da lasin daga hukumar NAICOM. A karanta muku takardar da Hausa. Ku tambaya: Nawa ne in hannu ɗaya ya tafi? Haɗarin babur yana ciki? Cikin kwana nawa za a kai rahoto?

In mota ce ta buge mutum, inshorar motar ita ce ta farkon nema, gama tilas ne kowace mota ta kasance da inshorar da ke biyan wanda aka yi wa rauni. A rubuta lambar motar, a karɓi rahoton 'yan sanda.

Tun ran gini ran zane

Ko wace ƙofa za a bi, takardu ake tambaya. Sa'ad da haɗari ya auku, iyali suna kuka, sai a sami mutum ɗaya mai karatu ya riƙe waɗannan:

1. Rana, da lokaci, da wurin haɗarin, da sunayen shaidu biyu.
2. Katin asibiti, da rahoton likita mai hatimi, da kowane rasit. Mai ɗori ba ya ba da takardar da ofis zai karɓa.
3. Wasiƙa zuwa ga mai aikin. A yi biyu, ya sa hannu a ɗaya, ku ajiye.
4. Lambar katin ɗan ƙasa, da asusun banki da sunan mai raunin kansa.

Kada ku bar ainihin takarda a ofis, ku ba da kwafi. Kada ku ba ɗan tsakani kuɗi don ya sa sunanku a jerin masu karɓar tallafi.

Ƙungiyar manoma ta ƙauyen mutuminmu na biyu ta yi abin da ya kamata mu koya. Sun yi masa gayya a daminar bana. Sun kuma yarda kowa ya zuba mudu biyar da kaka cikin rumbu guda, ba a taɓa shi sai in memba ya nakasa. Ba zai mai da hannu ba, amma zai hana sayar da bijimi.

A taronku na gaba, ku ɗauki wannan magana. Masu aiki wurin wani su tambayi maigida ko ya yi musu rajista. Masu inji kuma su rufe bel ɗinsu da raga, su hana kowa matsowa da babbar riga.