Jijiyar Bayan Gwiwa: Abubuwan Ban Mamaki a Taƙaice

Babbar jijiyar da ke kai jini ƙasan ƙafa ta bayan gwiwa take bi, kuma a ɗaure take sama da ƙasa, ba ta da wurin kaucewa. Shi ya sa idan gwiwa ta goce, kamar a haɗarin babur, jijiyar kan miƙe har ta yage.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yaudararta. Sau da yawa gwiwar kan koma mazauninta da kanta kafin a isa asibiti. A taɓa ƙafa a ji jini na bugawa lafiya lau, alhali bangon cikin jijiyar ya tsage. Bayan wasu sa'o'i gudan jini ya toshe ta, ƙafa ta ɗashe, ta yi sanyi ƙalau. Irin wannan gwiwar ba ta mai ɗori ba ce, komai gwanintarsa.

Gwajin farko kuwa ba ya buƙatar babbar na'ura. Likita ya auna ƙarfin jini a idon sawu, ya auna a damtse, ya raba na farko da na biyu. In sakamakon ya gaza 0.9, sai a zuba ruwan rini a jini a ɗauki hoton CT, wurin ɓarnar ya fito fili.

A Yaƙin Duniya na Biyu galibi ɗaure jijiyar kawai ake yi. Rahoton DeBakey da Simeone na 1946 ya nuna an yanke ƙafar kusan kashi 73 cikin ɗari na sojojin da aka yi wa haka. A yaƙin Koriya aka koma ɗinke ta, adadin ya sauko zuwa kusan kashi 32.

Lokaci ma ba ya jira: binciken Green da Allen na 1977 ya gano in gyara ya wuce sa'a 8, kashi 86 kan rasa ƙafar.

Facin da ake gyara jijiyar da shi kuma daga jikin majinyacin ake samo shi. Akan ciro wata doguwar jijiya daga lafiyayyar ƙafarsa, a juya ta kai-ƙasa saboda 'yan ƙofofin cikinta kada su tare jini, sannan a jona. Wani lokaci har sharaɓa ake tsagawa gefe biyu a bar ta a buɗe, don kada kumburi ya kashe tsoka.

A Oktoban 2017 Zach Miller, ɗan wasan ƙwallon Amurka na Chicago Bears, ya dira da ƙwallo a hannu, gwiwa ta goce, jijiya ta yage. Tiyatar gaggawa a birnin New Orleans ta ceci ƙafarsa, amma bai sake buga wasa ba.