Tun Ran Gini, Ran Zane: Darasi Ga Ɗaliban Kwamfuta Na Mubi

Daga Wakilinmu a Mubi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar shanu ta Mubi sa'ad da ake lodi, ya ga yadda garken da ya bazu a fili, kowace saniya tana fuskantar inda ta ga dama, yake komawa layi guda a bakin tirela. Ɗaya bayan ɗaya suke hawa, ana ƙirgawa ana rubutawa, har a rufe ƙofa mota ta kama hanyar Kudu. In an isa kuma haka za a sauke su, a gwada da abin da ke cikin takarda, in an sami giɓi a san wanda za a tambaya.

To, jama'a masu karatu, irin wannan lodin ne na'urori suke yi wa bayanai duk sa'ad da za su aika wa junansu saƙo. Bayanin da ke warwatse a cikin ƙwaƙwalwar na'ura ba ya bin waya ko iska a dunƙule, sai an jera shi harafi bayan harafi bisa wata ƙa'ida da mai aikawa da mai karɓa suka yarda da ita. Wannan shi ne ake kira jeranta bayanai. Ƙa'idar da ta fi yaɗuwa a yau ita ce JSON, wadda wani Ba'amurke mai suna Douglas Crockford ya yayata a farkon shekarun 2000, aka kuma tabbatar da ita a hukumance a 2013. Ga yadda takardar lodi za ta kasance a cikinta:

{"mai_shanu":"Ɗahiru","adadi":12,"gari":"Mubi"}

Abin da ya sa muka kawo wannan batu shi ne, Mubi ba garin ciniki kaɗai ba ne. Wannan gari da ya taɓa zama hedkwatar Lardin Sardauna bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961, shi ne mazaunin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, da kuma Jami'ar Jihar Adamawa wadda aka kafa a 2002. Daga irin waɗannan makarantu ne matasan da za su ƙera mana na'urorin auna ruwan tanki, da na lura da zafin firij, da na rajistar masu shiga da fita suke fitowa. Akwai kuwa wani mataki a cikin aikinsu wanda ake saurin tsallakewa, alhali shi ne ke yanke hukunci a kan ko na'urar za ta iya karanta sunayenmu da lambobinmu daidai.

Ƙaramin Ɗaki, Kaya Da Yawa

Allon da ɗalibai suka fi sabawa da shi a irin waɗannan ayyuka shi ne Arduino, wanda aka fara ƙerawa a garin Ivrea na ƙasar Italiya a 2005. Samfurin da aka fi sani, watau Uno, yana da wurin ajiye manhaja mai kilobayit 32, sa'an nan ƙwaƙwalwar da yake aiki da ita bayit 2,048 ce kacal. Don mai karatu ya gane ƙanƙantarta, wannan maƙala da ke gabansa ta ninka ta fiye da sau huɗu.

Mai rubuta manhaja ba ya zama ya ƙirƙiro hanyar jeranta bayanai da kansa. Yakan ɗauko shiryayyen aiki da wani ya riga ya rubuta, wanda ake kira laburare, ya haɗa da nasa. A duniyar Arduino, wanda ya fi shahara shi ne ArduinoJson, wanda wani Bafaranshe mai suna Benoît Blanchon ya fara a 2014, ya kuma bar shi kyauta ga kowa. Fitowarsa ta bakwai ta zo a 2024.

Matsalar da ke gaban mai irin wannan laburare a fili take. Mutane iri-iri ne za su ɗauka, wani allonsa ƙarami, wani babba, wani yana bukatar manyan lambobi, wani kuwa ko kusa. In ya zuba kome da kome, ƙaramin allo ba zai ɗauka ba. In ya rage, wasu za su rasa abin da suke nema. Mafitar da ya bi ita ce ya rubuta kome, amma ya sa wa kowane sashe makunni, ya bar wa mai aiki ya zaɓi wanda zai kunna.

Mai Share Fage

Waɗannan makunnai ba irin na jikin rediyo ba ne da mutum zai murɗa a duk sa'ad da ya so. Ana saita su ne kafin a haifi manhajar. Ga yadda abin yake.

Na'ura ba ta jin harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a Amurka wajen 1972, ko ƙanensa C++ da ake rubuta manhajar Arduino da shi. Sai an ba wata manhaja, mai harhaɗawa, ta juya rubutun zuwa lambobin da na'ura ke fahimta. Amma kafin rubutun ya isa gare ta, akwai wani ma'aikaci a bakin ƙofa, mai share fage. Mu ma'aikatan jarida mun san irinsa, domin kamar mataimakin edita yake, wanda ke bin labari da jan alƙalami kafin a kai ɗab'i. Abin da ya soke ba zai fito a jarida ba, kome muhimmancinsa, kuma mai karatu ba zai taɓa sanin an rubuta shi ba.

Mai share fage yana bin umurnin da ke farawa da alamar #. Idan aka rubuta masa layi kamar haka:

#define ARDUINOJSON_USE_LONG_LONG 1

to an gaya masa ke nan cewa duk inda ya ga wannan suna, ya ɗauke shi a matsayin 1, watau a kunne. A cikin laburaren kuwa akwai sassa da aka kewaye da sharaɗi: in wannan suna 1 ne, a bar wannan sashe, in 0 ne, a cire shi. Sashen da aka cire bai shiga na'ura ba sam, saboda haka bai ci wuri ba, kuma babu yadda za a yi a kira shi daga baya. Hausawa suka ce tun ran gini, ran zane. Tukunyar da aka riga aka gasa ba ta karɓar ado.

In mai aiki bai faɗi kome ba, laburaren yana da nasa zaɓin na asali. A nan gizo ke saƙa, domin wanda ya yi wannan zaɓi ya yi shi ne don amfanin galibin mutane, bai kuwa zauna ya yi lissafin Ɗahiru da shanunsa ba.

Batun Ƙugiya

Mu fara da haruffa. Kowa ya san bambancin baki da baƙi, da na kasa da ƙasa, ƙugiya ce kawai. Fulfulde ma, wadda ake ji a ko'ina a Mubi, tana amfani da ɓ da ɗ da ƴ. A tsarin Unicode kowane harafi yana da lambarsa: ƙ ita ce 0199, ɗ ita ce 0257, ɓ ita ce 0253, babbar Ɗ kuwa 018A.

Ƙa'idar JSON ta yarda a aika irin waɗannan haruffa a ɓoye cikin lambarsu, kuma harsunan da ake rubuta manhajar uwar garke da su, irin su Python da PHP, haka suke yi in ba a hana su ba. Watau sunan Ɗahiru zai iso wurin na'ura a matsayin \u018aahiru. Sashen da ke mayar da wannan zuwa harafi yana ƙarƙashin makunnin ARDUINOJSON_DECODE_UNICODE. An ƙara shi ne a 2019, kuma a kashe ya zo, sai a 2020 aka mai da shi a kunne tun asali. Wanda ya kwafi tsohon aiki mai ɗauke da tsohuwar fitowa, ko wanda ya kashe makunnin don ya rage nauyi, zai ga ɗayan biyu: ko na'ura ta ƙi karɓar saƙon ɗungurungum, kamar yadda tsofaffin fitowa suke yi, ko ta bar sunan a gurguje yadda ya zo. A ce rajista ce ake gwada suna da suna, to Ɗahiru ya zama baƙo a garinsu.

Daɗin daɗawa, kunna makunnin ba shi ne ƙarshen aiki ba. Ƙaramin gilashin nan mai layi 2 da gurbi 16 da ake maƙala wa Arduino bai san haruffa masu ƙugiya ba, amma ya bar gurabe 8 da mutum zai zana nasa haruffan. Manya da ƙananan ɓ da ɗ da ƙ da ƴ kuwa 8 ne cif. Wurin yana nan, mai zanawa ake jira.

Lambobi Masu Tsawo

Na biyu shi ne lambobi. A kan ƙaramin allo irin Uno, gurbin da laburaren ke ajiye cikakkiyar lamba bit 32 ne, wanda iyakarsa ita ce 4,294,967,295, watau lamba mai gida 10. Lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN gida 11 ce. Lambar banki ta BVN, wadda aka fara a 2014, ita ma 11 ce. Lambar waya in an sa mata 234 a gaba takan zama gida 13. Duk sun fi ƙarfin gurbin.

Abin tsoro shi ne na'ura ba ta ihu. Takan mai da lambar irin mai ɗigo, gidajen ƙarshe su lalace, ko kuma ta ba da sifili in aka nemi lambar a gurbin da ba ta shiga. Makunnin da muka ambata a sama shi ne ke buɗe gurbi mai bit 64. Tun daga 2022 yana zuwa a kunne a kan manyan alluna masu bit 32 irin su ESP32, amma a kan Uno a kashe yake, kuma kunna shi yana da farashi, domin yana ƙara cin ƙwaƙwalwar da dama ba ta da yawa. Shawarar da ta fi ita ce, lambar da ba lissafi za a yi da ita ba, kamar ta waya ko ta shaida, a aika ta a matsayin rubutu. Ta haka ma sifilin farko na lambar waya ba zai ɓace ba.

Kuɗi ma suna da nasu tarkon. Lamba mai ɗigo ta bit 32 ba ta iya riƙe kowace cikakkiyar lamba da ta wuce 16,777,216. In aka ba ta cinikin naira 16,777,217, naira ɗaya za ta zube. Makunnin ARDUINOJSON_USE_DOUBLE ne ke kula da faɗin wannan gurbi, amma a kan Uno ko an kunna shi ba abin da zai ƙaru, domin a wannan allo babban gurbin da ƙaramin duk faɗinsu ɗaya. Dillalin da ke lissafi da biro ba ya irin wannan kuskure, bai kuwa kamata na'ura ta fi shi sakaci ba.

Idan Ma'auni Ya Mutu

Na uku ya shafi lafiya. A ce an sa na'ura ta riƙa aiko da zafin firij ɗin alluran rigakafi daga wani ƙaramin asibiti a wajen Maiha ko Michika, inda ake son zafin ya tsaya tsakanin digiri 2 zuwa 8. Ran da ma'aunin ya lalace, abin da yakan bayar shi ne wata alama, NaN, mai nufin wannan ba lamba ba ce. Ƙa'idar JSON ba ta san wannan alama ba. In makunnin ARDUINOJSON_ENABLE_NAN yana kashe, kamar yadda yake zuwa, laburaren zai rubuta null, watau babu, saƙo ya wuce lafiya, mai lura ya gane ma'auni ya mutu. In an kunna shi, zai rubuta NaN, uwar garke mai bin ƙa'ida kuwa ta yi watsi da saƙon baki ɗaya. A nan zaɓin asali shi ne daidai. Darasin dai shi ne a san dalilin kowane makunni, ba a bi su ana kunnawa ba.

Inda Ake Tuntuɓe

Kurakurai biyu ne suka fi kama masu koyo. Na farko, rubuta layin #define a ƙarƙashin layin #include da ke shigo da laburaren. Mai share fage daga sama yake karatu zuwa ƙasa, saboda haka umurnin da ya zo bayan an shigo da laburare ya makara, kamar fasinjan da ya iso tasha mota ta tashi. Na biyu, aikin da ke da fayil fiye da ɗaya, a kunna makunni a wannan a manta da wancan, sai ɓangarorin manhaja guda su saɓa a kan girman gurbi guda. Maganin shi ne a ajiye dukan saitin a wuri ɗaya da kowane fayil zai ɗauka, ko a miƙa shi ga mai harhaɗawa kai tsaye ta alamar -D, kamar yadda masu aiki da PlatformIO suke yi.

Kuskuren da aka gano a kan tebur, gyaransa layi ɗaya ne da minti biyu. Wanda aka gano bayan an kafa na'ura a ƙauye kuwa, sai an biya kuɗin mota, an ɗauki kwamfuta da waya an je an sake ɗura manhajar, ban da bayanan da suka riga suka lalace.

Saboda haka muna kira ga malaman da ke duba ayyukan ɗalibai, a Mubi da sauran makarantunmu, da su daina wadatuwa da ganin fitila ta kama. A ba na'urar suna mai ƙugiya, a ba ta lamba mai gida 11, a cire wayar ma'auni a ga abin da za ta aika. A kuma bukaci kowane ɗalibi ya rubuta a cikin rahotonsa fitowar laburaren da ya yi aiki da ita, da makunnan da ya taɓa, da dalilinsa. Ɗalibai kuma su buɗe fayil ɗin saitin laburaren su karanta, domin a buɗe yake ga kowa, ba a kuwa biyan ko kwabo.

Wanda ya rubuta laburare ya yi nasa, ya bar ƙofofi da makullansu a jiki. Sanin wadda za a buɗe wa Ɗahiru da shanunsa ya rage ga 'ya'yanmu. Allah Ya ba su basira, Ya sa mu dace, amin.