Sayen Tsohon Jirgi Mai Inji: Abin Da Ya Kamata Falke Ya Duba

Duk wanda ya san ƙasar Gwandu ya san kashi biyu ce, tudu da fadama. Garin Gwandu kansa, inda hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ke, garin tudu ne, ba a neman jirgi kafin a ci kasuwarsa. Amma in mutum ya yi yamma zuwa Birnin Kebbi, sa'an nan ya karkata kudu wajen Kalgo, sai ya iske fadamar Gulbin Kabi, watau kogin nan da ya biyo ta Sakkwato da Argungu ya tafi ya faɗa Kwara. Da rani a kan ratsa wurare da yawa a ƙafa. In kuwa damina ta yi tsakiya, wajen Agusta da Satumba, sai ruwa ya shafe hanyoyi, gonar shinkafa da mai ita su koma sai da fito. Mutanen Jihar Kebbi ba su manta da ambaliyar 2020 ba, wadda ta cinye shinkafa mai yawan gaske.

Saboda haka ne waɗansu fatake masu ɗan jari su ke sha'awar sa kuɗinsu a jirgi mai inji. Sabo kuwa ya yi tsada, balle tun 2023 da aka janye tallafin fetur, darajar naira kuma ta faɗi. Sai hankali ya koma ga na hannu. To, a ce ga wani falke mutumin Gwandu, wanda bai taɓa riƙe filafili ba, dillali ya kawo masa labarin jirage biyu. Ɗaya na katako ne irin wanda a ke gani a Yawuri, dogo mai faɗin ciki, da tsohon inji rataye a bayansa. Ɗaya kuwa na faiba ne, watau wanda a ke yi da zaren gilashi da ƙaro, fari tas, da kujeru da sitiyari, an ce daga Ikko aka kawo shi, inda wani mai hali ya yi shekaru yana shan iska da shi a bakin teku. Kuɗinsu kusan ɗaya. Wanne zai ɗauka?

Abin da zai fara tambayar kansa shi ne, wane aiki jirgin zai yi, a wane ruwa kuma? Jirgin shan iska an yi shi ne don mutum biyar ko shida su yi gudu su dawo. Cikinsa yana da tsini daga ƙasa don ya tsaga igiyar ruwa, saboda haka yana son zurfi, ga shi kuwa ruwan fadama yau zurfi gobe yashi. Kujeru sun cinye wurin da buhu zai zauna, injinsa babba ne mai shan fetur. Waɗansunsu ma injinsu a ciki ya ke kamar na mota, in ya lalace da wuya a sami kayan gyaransa a Birnin Kebbi ko Jega. Irin wannan yana da amfani ga mai gaugawa, kamar wanda zai ɗauko majinyaci daga ƙetare ko ma'aikacin da zai zagaya ƙauyuka. Amma mai nufin ɗaukar shanshera da taki da 'yan kasuwa, na katako mai shimfiɗaɗɗen ciki ya fi masa, domin yana bin ruwa kaɗan, in ya tsage kuma masassaƙin gari ya iya shi.

In an daidaita kan irin jirgi, sai duban jikinsa. Ba a cinikin biri a sama, haka kuma ba a cinikin jirgi yana cikin ruwa kaɗai. A jawo shi tudu a kifa shi. In na katako ne, a bi shi da tsinin wuƙa, musamman ƙasa da wajen haɗin allo da allo. Itace mai rai, kamar maɗaci, ya kan ƙi wuƙa, ruɓaɓɓe kuwa sai ta nutse kamar a tuwo. A duba ƙusoshi, in tsatsa ta zagaye kansu ta baƙanta itacen, to, sun kusa saki. Sabon kwalta ko sabon fenti a wuri guda, ba ko'ina ba, abin tambaya ne, domin sau da yawa a nan ciwon ya ke.

Na faiba shi ya fi ruɗin baƙo, don mutane sun ɗauka ba ya ruɓewa. Gaskiya ne fatarsa ba ta ruɓewa da sauri, amma yawancin tsofaffin an ƙarfafa bangon bayansu da daɓensu da katako a ciki, aka lulluɓe. In ruwa ya sami ƙofa ta ramin ƙusa, sai katakon ya ruɓe a ɓoye, waje yana ƙyalli. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. A ƙwanƙwasa bangon baya da ƙotar guduma, mai lafiya ya kan amsa da ƙara mai kaifi, mai ruwa a ciki kuwa amonsa a dakushe ya ke. Sa'an nan a kama ƙafar inji a girgiza sama da ƙasa, in bangon ya motsa ko ya nuna tsaga, a bar cinikin, gama wannan bango shi ke ɗauke da inji duka. A taka daɓe a ji ko yana lotsawa. In jirgi ya yi nauyi fiye da girmansa, ruwa ya sha.

Inji kuwa shi ne rabin kuɗin, wani lokaci ma fiye. Tun 1909 wani mutum a Amurka mai suna Ole Evinrude ya ƙera irin wannan inji da a ke ratayawa a bayan jirgi, sunansa kuma ya daɗe a kasuwa. Amma an daina ƙera Evinrude a 2020, ɗan'uwansa Johnson ma an bar shi tun kafin nan. Saboda haka wanda aka yi wa tayin ɗayansu da araha, ya tuna araha ba ta ado, ya fara tambayar inda zai sami kayan gyara. Kamfanin Yamaha na Japan ya fara nasa a 1960, shi ne kuwa ya fi yawa a kogunan Nijeriya, masu ƙarfin doki 15 da 25 da 40 har 75, makanikai sun san cikinsa. Injin da makanikin gari ya sani ya fi wanda ya fi shi kyau amma sai an aika Ikko.

Injunan iri biyu ne. Akwai mai bugu biyu, wanda a ke gauraya masa fetur da mai kamar tsofaffin babura masu hayaƙi, galibi mai kashi 1 cikin fetur kashi 50, ko yadda maƙeransa suka ƙayyade. Ba shi da nauyi, gyaransa da sauƙi, amma yana shan fetur. Akwai kuma mai bugu huɗu, wanda mansa daban ya ke kamar na mota. Shi ba ya shan fetur sosai, ba hayaƙi, sai dai nauyi da tsadar gyara. Mai fito kusa, kullum 'yan zirga-zirga kaɗan, na farko ya ishe shi. Mai doguwar tafiya kowace rana, shi ya kamata ya yi lissafin fetur na shekara kafin ya zaɓa.

Gwajin inji da safe a ke yi, yana sanyi, domin mai sayarwa mai wayo ya kan ɗumama shi kafin mai saye ya iso. In ya tashi, a duba ɗan ruwan nan da ya ke tsartuwa ta baya. Wannan shi ne shaidar cewa 'yar robar da ke tura ruwan sanyaya inji tana aiki. In babu shi, a kashe nan da nan, kada kuma a yarda a tashe shi a tudu ba ruwa, don robar ta kan ƙone cikin ɗan lokaci. A kwance ƙusar man giya ta ƙasa a ga abin da zai fito, in ya yi fari kamar nono, ruwa yana shiga, in da garin ƙarfe a ciki, haƙoran giya suna cin juna. A cire fulogi a duba, a sa makaniki ya auna matsin kowane silinda, kada ɗaya ya yi nisa da ɗan'uwansa. A juya farfela da hannu a ga ko sandarta ta karkace. Injin da ya yi aiki a Ikko ko Fatakwal ko Kwatano ya sha ruwan gishiri, alamarsa farin gari a jikin ƙusoshi da fenti mai kumbura, gishiri kuwa ta ciki ya ke ci. A kuma lura da tsawon ƙafar inji, akwai gajera akwai doguwa, doguwa a ruwan fadama yashi za ta riƙa tona, ciyawa da kainuwa su toshe mata hanci.

Bayan wannan duka sai a ɗora wa jirgin kaya gwargwadon abin da zai riƙa ɗauka, a yi tafiyar sa'a guda gaba da ruwa, tare da Basarke ko wani matuƙi wanda ba shi da rabo a cinikin. Sarkin ruwa da sarkin jirgi na mashigi sun san tarihin kowane jirgi da ke yankinsu, tambayarsu ba ta cin kuɗi. A kuma duba lambar inji da takardarsa, gama injin sata yana yawo a kasuwa.

Malamai sun san babin ciniki a Risala da Muhtasar ya yi maganar wannan. Ɓoye aibin haja bai halatta ba, wanda kuma ya sayi abu ya iske tsohon aibi da aka rufe masa yana da ikon mayarwa. Amma aibin da aka nuna masa ya gani ya yarda, ya zama nasa, kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Don haka ya kyautu a rubuta aibobin da mai sayarwa ya faɗa, a gaban shaidu biyu, kowa ya riƙe takarda. Haka nan a mazhabar Malikiyya mai jirgi ba ya cin kuɗin haya sai ya isar da kaya inda aka yi alkawari. Ashe ruɓaɓɓen jirgi mai shi ya ke fara cuta.

Amma hasarar dukiya ƙarama ce a kan ta rai. Ran 26 ga Mayu 2021 wani jirgin katako ya tsage a Kwara, tsakanin Jihar Neja da garin Wara na ƙasar Ngaski, ɗauke da mutum fiye da 150, mafi yawansu ba su fita ba. Jami'an hukuma suka ce jirgin tsoho ne, an kuma yi masa lodi fiye da ƙarfinsa. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, kututturan itatuwan da ruwa ya shafe suna nan a ƙasa, jirgi mai rauni kuwa karo ɗaya ya ishe shi. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa, wadda aka kafa a 1997 da hedkwata a Lakwaja, ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta rigar ruwa ga kowane fasinja. Kuɗin rigunan nan, da filafili biyu, da abin kwarfe ruwa, cikin kuɗin jirgi su ke, wanda bai iya sayensu ba bai isa sayen jirgi ba tukuna.

To, falken nan na Gwandu, in kaya da 'yan kasuwa zai ɗauka a fadamar Kalgo, ya bar farin jirgi ga masu shan iska, ya ɗauki na katako in wuƙa ta shaide shi, da injin da makanikin kusa ya sani, ya kuma ajiye wani abu daga jarinsa don gyaran farko, domin babu tsohon jirgin da ba ya nemansa. In kuwa duka biyun sun kasa gwaji, ya mayar da kuɗinsa aljihu ya jira wata kakar. Mutanen da za su shiga jirginsa ba su ga cikin katakon ba, amanarsa suka hau. Allah ya kiyaye matafiya, na tudu da na ruwa, amin.